Goyo da Littafin Lissafi: Daga Uwar Adashi Zuwa Akantar Rabin Yini

 Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wata mace da muke gani kullum amma ba kasafai take shiga labaranmu ba. Ita ce matar da ta karanta aikin akanta, ta yi aure, ta haihu, sannan bayan arba'in ta nemi aikin 'yan sa'o'i a wata makaranta mai zaman kanta, ko kantin magani, ko shagon 'yan sari, tana rubuta musu shige da ficen kuɗi daga safe zuwa azahar don ta dawo ta shayar da jaririnta.

Wasu na yi mata kallon baƙuwar da zamani ya kawo. Abin da tarihi ya nuna mana shi ne, haɗa goyo da lissafin kuɗi tsohuwar sana'a ce a gidan Bahaushe. Abin da ya zo daga baya shi ne ofis da agogo, waɗanda suka raba uwa da ɗanta, da kuma dokokin aiki da aka ɗinka daidai jikin mai aikin cikakken yini. Mai rabin yini ta faɗo a tsakani. Bari mu bi sawun yadda aka yi hakan ta faru.

Lissafi ya riga boko

Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Kafin zuwan sulallan Turawa, da wuri ake ciniki a kasuwanninmu, kuma ƙirga shi aiki ne ja. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya ratso ƙasar Hausa a 1851, ya ga yadda ake ƙirga wuri biyar-biyar ana tara shi tsibi-tsibi, saboda a nan ba a shirya shi a zare kamar yadda ake yi a bakin teku. Wuri dubu ashirin shi ne keso guda. Duk wanda ya yi ciniki da irin wannan kuɗi dole kansa ya riƙe lissafi, namiji ne ko mace.

Addini ma bai bar zancen ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. A cikin wannan sura ɗin dai, aya ta 233 ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, ta kuma ɗora ciyar da uwar da tufatar da ita a kan uban jariri. Ke nan rubuta kuɗi da haƙƙin mai shayarwa sun zo mana a sura guda, tun kafin a san wani abu wai shi ofis.

A cikin gida kuwa, lissafin mata ba ya da iyaka. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950 aka buga shi littafi a 1954, ta nuna yadda matan zamaninta ke kaɗi da sayar da abinci suna tara abin kansu. Polly Hill, da ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina a shekarun 1960, ta gano cewa cinikin hatsi da abinci mai yawa a cikin gidaje yake gudana, a hannun matan kulle, har ta kamanta wannan kasuwa da saƙar zuma: ɗaki-ɗaki, ba ta ganuwa daga waje, amma cike take. A ƙarshen shekarun 1970 Enid Schildkrout ta bi diddigin irin wannan ciniki a cikin birnin Kano, ta nuna cewa yara masu talla da aike su ne ƙafafun wannan kasuwa.

Mu dubi aikin uwar adashi da idon akanta. Tana karɓar zubi daga mutum goma ko ashirin, ta san wadda ta zuba da wadda ta yi fashi, ta san ranar kwasar kowa, ta san wadda ta roƙi a musanya mata layi saboda bikin 'yarta. Mu dubi biki kuma: abin da ƙawa ta kawo miki ranar sunan ɗanki bashi ne, za ki mayar da ƙari ranar nata, ita ma ta sake ƙarawa, har sai an kai inda za a yanke a koma ƙasa. Mai ƙuli-ƙuli kuwa ta san uwar kuɗinta, ta san ribar mai daban da ta ƙuli, ta san abin da yarinya ta fita da shi a faranti da abin da ya kamata ta dawo da shi. Wasu na zana layi a bango, wasu na tara tsakuwa, waɗanda suka yi karatun allo na rubutawa da ajami. Duk wannan ana yin sa ne da goyo a baya.

Tsarin yana da nasa hutun haihuwa. Mace ta haihu, musamman haihuwar fari, sai ta tafi gida wanka. Kwana arba'in ba ta girki, ba ta ɗaukar nauyi, akwai mai kula da ita. Ba cewa muke komai na jego alheri ne ba, domin likitoci a Zariya tun shekarun 1970 sun danganta yawan wankan ruwan zafi da kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Abin lura dai shi ne, idan ta yi arba'in ta koma sana'arta, tana komawa ne inda jaririn yake. Ya yi kuka ta sauke shi ta ba shi nono, hannu ɗaya na auna gero. Ga kaka, ga kishiya ko faccala, ga 'yar riƙo. Ba wanda ya taɓa tambayarta ƙarfe nawa ta fara aiki.

Ranar da lissafi ya koma ofis

Salon rubuta kowane ciniki sau biyu, ɓangaren shiga da ɓangaren fita, wanda ake koya mana a makaranta, 'yan kasuwar Italiya ne suka yaɗa shi, kuma Luca Pacioli ya bayyana shi a littafin da aka buga a birnin Benis a 1494. Wannan salo ya iso ƙasar Hausa tare da mulkin mallaka. A Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka fara tsara baitulmali na En'e, daga nan sauran masarautu suka ɗauka. Ma'aji ya samu ofis da akawuna da manyan littattafai, hakimai da alƙalai suka koma karɓar albashi. Kamfanonin sayen gyaɗa da auduga su ma suka zo da nasu akawuna. A 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya, wadda daga baya ta zama Cibiyar Koyon Mulki da ke Kongo.

Duk waɗannan kujeru na maza ne. Makarantun 'yan mata na gwamnati ba su fara a Kano da Katsina ba sai wajen 1930, kuma abin da aka fi koya musu tsafta ne da ɗinki da raino. Can Ingila ma, inda aka kwaso tsarin, haka abin yake. Babbar ƙungiyar akantocin ƙasar ba ta karɓi mace ba sai 1920, lokacin da ta shigar da Mary Harris Smith tana da shekara fiye da saba'in, bayan ta daɗe tana ƙwanƙwasa ƙofa. Har zuwa 1946, macen da ke aikin gwamnatin Ingila na dindindin idan ta yi aure dole ta ajiye aiki. Wato wanda aka zana ofis dominsa namiji ne mai mata a gida, wanda ba ya jego kuma ba ya shayarwa.

A Najeriya, Akintola Williams ne ya fara zama ƙwararren akanta a 1949, ya buɗe kamfaninsa a Legas a 1952. Mace ta farko ita ce Olutoyin Olakunri, wadda ta ci jarrabawarta a 1963. An kafa ICAN da doka a 1965, matan cikinta suka kafa tasu ƙungiya mai suna SWAN a 1978, kuma sai a 1994 mace ta fara shugabantar ICAN, ita dai Olakunri ɗin. ANAN, mai kwaleji a Jos, an kafa ta a 1979 ta samu amincewar doka a 1993.

A Arewa, ƙofar da ta fi shigo da mata wannan fage ita ce faɗaɗar karatun boko. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai dubban 'yan mata aji. Makarantu irin su Kaduna Polytechnic, wadda ta samu wannan matsayi a 1968, da takwarorinta na jihohi suka riƙa yaye masu difloma a fannin akanta. Sai dai wannan ci gaba ya taɓa tsohon tsarin ta wani gefe. Yaran da a da su ne masu talla da riƙon jariri yanzu suna makaranta da safe, kuma hakan shi ne daidai. Ma'aurata da yawa sun bar babban gida sun koma haya, ɗaki biyu da falo a wata unguwa mai nisa da dangi. Hannayen da ke karɓar goyo suka ragu a daidai lokacin da aikin uwa ya koma bayan gari.

Abin da doka ta ce, da wanda ta manta

Hutun haihuwa na ma'aikata yana da ranar haihuwa. A 1919, a taronta na farko a Washinton, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniyar da ta hana a sa mace aiki cikin mako shida bayan haihuwa, ta ba ta damar barin aiki mako shida kafin haihuwa, ta kuma ware mata rabin awa sau biyu a yini don shayarwa. A 1952 aka sabunta ta a kan mako goma sha biyu, a 2000 aka ɗaga zuwa mako goma sha huɗu. Maƙwabciyarmu Nijar mako goma sha huɗu take bayarwa.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda ta samo asali daga shekarun 1970, a sashe na 54 tana nan kusan a kan ma'aunin 1919: mako shida kafin haihuwa, mako shida bayanta, aƙalla rabin albashi idan mace ta yi wata shida tana aikin, da rabin awa sau biyu na shayarwa. Mako shida kwana arba'in da biyu ke nan. Wato doka ta ba mai jego abin da kakanninta suka ba ta, da ƙarin kwana biyu, amma ba ta kawo mata jaririn kusa ba. Mai aiki a Sabon Gari da ke zaune a Rijiyar Zaki, me rabin awa zai yi mata? A hanya zai ƙare. Ga shi kuma likitoci, bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, suna cewa a ba jariri nono zalla har wata shida.

Ma'aikatan gwamnati sun fi samun sauƙi. Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun kai hutun mako goma sha shida. Jihar Legas ta ba da wata shida a 2014, Jihar Kaduna ta bi sahu a 2019. Amma yawancin masu diflomar akanta ba a gwamnati suke ba. Suna ƙananan makarantu ne, da asibitoci masu zaman kansu, da gidajen mai, da gidajen burodi. Da hutu ya ƙare, zaɓi uku ne a gaban mace: ta koma cikakken aiki ta bar jaririn wata ɗaya da rabi, ko ta ajiye aikin gaba ɗaya, ko ta roƙi a rage mata sa'o'i. Daga wannan na ukun aikin rabin yini ya fito.

A nan ne gizo ke saƙar. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda aka gyara a 2024 aka kai adadin naira 70,000, ta cire masu aikin rabin lokaci daga kariyarta, ta kuma cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Akantarmu sau da yawa ta faɗa cikin ramukan biyu a lokaci guda. Ita kuma Dokar Ƙwadago, wajen fassara wane ne ma'aikaci, ta ambaci masu aikin ƙarfi da akawuna, ta ware masu aikin ƙwarewa da na shugabanci. Shi ya sa abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki yake da nauyi ƙwarai, alhali da yawa a irin waɗannan wurare da baki ake ɗaukar mutum. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya ta musamman a 1994 wadda ta ce mai rabin lokaci ya cancanci kariya irin ta mai cikakken lokaci, har da ta haihuwa, amma tsakanin takardar Janiba da shagon Kantin Kwari akwai tafiya.

Me ya sa aikin akanta ya bambanta

Wani zai ce ai aikin lissafi ya fi kowanne dacewa da mai goyo, tunda a zaune ake yi, kuma yanzu da kwamfuta da waya ana iya yinsa daga gida. Akwai gaskiya a ciki. Rasit da bayanin banki ana turo su ta WhatsApp, a shigar da su a Excel ko wata manhaja, jariri na barci a gefe. Ta wannan fuska fasaha ta mayar da lissafi tsakar gida, inda uwar adashi ta bar shi.

Amma aikin akanta yana da kalanda da ba ta san jego ba. Ƙarshen wata dole a haɗa albashi, a daidaita littafi da abin da banki ya nuna. Harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikata ana son a kai shi kafin 10 ga wata mai bi. Harajin VAT, wanda aka fara karɓa a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari aka mayar da shi 7.5 a 2020, wa'adinsa 21 ga wata. A watan Janairu akwai bayanin shekara na harajin ma'aikata. Idan wurin makaranta ne, makon farko na zango layin biyan kuɗin makaranta ba ya yankewa. Ga masu binciken kuɗi idan sun zo, ba sa tambayar ko yaro ya kwana da zazzaɓi.

Saboda haka rage sa'o'i ba ya rage aikin. Littafin da ake rubutawa cikin awa takwas shi ne dai za a rubuta cikin huɗu, ragowar ya biyo ta gida cikin jaka. Albashi ya rabu biyu, aiki bai rabu ba. Kuma kuskure a wannan sana'a yana da tsada. Sifiri ɗaya da ya ɓace a hannun wadda ta tashi sau huɗu cikin dare zai iya zama giɓi a asusu, giɓi kuma a bakin mutane sunansa sata. Ga jarrabawar ƙwarewa, ATS ko ta ICAN, da abokan karatunta maza ke ci gaba da rubutawa ita tana ɗagawa daga wannan zama zuwa wancan. Idan ba a yi hattara ba, sai ta wayi gari ba tsuntsu ba tarko: ba ta samu natsuwar raino ba, ba ta kuma samu ci gaban aiki ba.

Duk da haka mata suna riƙe wannan aiki, kuma suna da hujja. Wadda ta bar fagen shekara biyar za ta dawo ta tarar dokar haraji ta canza, manhaja ta canza, takardarta ta yi sanyi. Rabin yini yana riƙe mata ƙofa a buɗe. Yana kuma ba ta abin da kakarta ta sani sarai, wato kuɗin da mace ta samu da hannunta nata ne, da shi take zubin adashi, take biki, take taimakon iyayenta ba tare da ta jira kowa ba. Wasu ma sun juya abin ya zama sana'ar kansu, suna riƙe wa shaguna uku ko huɗu littafi, kowanne ya biya nasa.

Ina ruwan marubuci?

Ruwanmu ne tsundum. Adabinmu ya san matar da ke sana'ar gida. A *Alhaki Kuykuyo Ne* na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, da sayar da abinci Rabi ta riƙe 'ya'yanta bayan mijinta ya kore ta. Amma idan muka zo kan ma'aikaciya, yawancinmu sai mu ba ta katon ofis da mota da direba, mu ce manaja ce a banki, shi ke nan. Ba ma ganin ta tana aikin komai. Ta haihu a babi na goma, a babi na sha ɗaya ta koma ofis da jaka da takalmi mai tsini, jaririn ya ɓace sai ranar da labari ya buƙace shi.

Ga shawarwari ga mai son ya gwada. Ka san kalandar aikinta, ka sa rikicin labarinka ya faɗo ranar 28 ga wata, lokacin da albashin malamai bai haɗu ba kuma ranar ce ta rigakafin yaro. Ka san wa ke riƙe jaririn daga ƙarfe takwas zuwa ɗaya, nawa ake biyan mai rainon, me uwar miji ke cewa a kai. Ka san yarjejeniyarta da mai wurin, da baki ce ko a rubuce, domin nan ne ƙarfinta ko rauninta yake. Ka ba mijin matsayi na gaske, ko mai ɗaukar yaro ya zaga da shi tana haɗa lissafi, ko mai ganin albashin bai kai wahalar ba, kuma kowannensu yana da dalilinsa. Kada ka mayar da mai shagon azzalumi kai tsaye, shi ma wataƙila cinikinsa bai kai ya biya cikakken akanta ba. Sannan ka je ka zauna da uwar adashin unguwarku ka ga yadda take riƙe lissafi, ka zauna da wata akanta ka ga nata. Idan ka haɗa su biyun a labari ɗaya, uwa da 'ya ko kaka da jika, za ka ga suna da abin faɗa wa juna.

Ga 'yan'uwanmu mata da ke cikin wannan hali yanzu, darasin da tarihin ya bari a fili yake. Kariyar da ba a rubuta ba tana tafiya da wanda ya yi alƙawarinta. Ke da kike rubuta wa wasu kowace naira, ki nemi a rubuta miki naki: sa'o'i nawa, kwana nawa a mako, nawa ne albashi, me za a biya idan aikin ƙarshen wata ya wuce lokaci, yaya za a yi idan wata haihuwar ta zo. Ayar bashi ba ta raina ƙaramin abu ba, ta ce a rubuta shi ƙarami ne ko babba.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuto mana shafi ɗaya, yini guda a rayuwar irin wannan mata, daga kiran sallar asuba zuwa lokacin da ta rufe littafi. Kada a saka mota, kada a saka direba. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka a neman kowa, Ya ƙara wa alƙalumanmu kaifi.